Madubin Ɗakin Samfur

Shafi na 19

Masu turo saƙo cewa na yi shiru, duk na gani, ku yi haƙuri. Wurin nan ne ya yi mini nauyin rubutawa. Ga shi yadda ya zo.

*

Mai Labule na tsaye kan kujera tana zura zobban labule a sanda, ta jiyo muryar Madam daga ƙarshen baranda. Ba ta kai ga faɗa ba tukuna, amma muryar ta kamo hanya.

Ranar ce Madam, mai wurin, ta fara taka otal ɗin tun da aka rufe shi don gyara. Ita ta tsara komai daga can garin da take, ta waya take turo zane, ta waya ake tura mata hoto. Cewa ta yi otal da ke bakin ruwa ya kamata mutum ya kwanta a cikinsa ya ji kamar a jirgi yake. Saboda haka bango fari, labule shuɗi, madubi zagayayye da aka naɗe bakinsa da igiya, sai filafilin kwalekwale biyu a gicciye saman gado. Ta kuma kafa doka ɗaya wadda har masu shara sun haddace: a gama ɗaki guda tukuna, shi ne samfur, sauran duk a kwafe shi. Ko ƙusa kada ta bambanta.

Mijin Mai Labule ne ya yi ɗakin samfur. Shi ne babban kafintan wurin, kuma aikinsa na ƙarshe ke nan a duniya.

Ita ba ta nan lokacin. Tana gida da ƙananan yara da keken ɗinkinta, don ita aka ba labulayen otal ɗin gaba ɗaya. Shi da ƙaninsa Dogo suka tare a wurin aikin saboda nisa, suka tafi da babbar 'yarta, wadda uban ke kira Gimbiya, tana dafa wa ma'aikata abinci. Abin da aka kawo mata gida shi ne gawa da magana ɗaya: ya faɗo daga tsani yana kafa madubi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Tun da ta iso da labulayen take kewaye wa ɗakin. Ta rataya na sama, ta rataya na ƙasa, ta bar shi ƙarshe. Ko ƙofarsa ba ta iya kallo.

Madam ta shigo, Manaja na biye da ita yana share gumi duk da iskar da ke kaɗowa daga ruwa. Ba ta ma lura da mai rataya labule ba. Gaban madubi ta nufa ta tsaya. Ita ba doguwa ba ce, amma daga haɓarta zuwa ƙasa madubin ya nuna mata.

"Manaja, zo ka tsaya nan. Me kake gani?"

Ya matso ya tsaya.

"Maɓallin rigata, Madam."

"To baƙon da ya zo hutu, maɓalli zai riƙa tajewa da safe?"

Wata mai shara da ke bakin ƙofa ta toshe baki ta bar wurin.

Madam ta ce ai ba madubi kaɗai ba ne. Maratayin tawul a ƙugun mutum yake, tawul na sharar ƙasa. Filafilin ya sauko har in baƙo ya tashi zaune sai ya ƙwale ƙeya. Katakon ajiye kaya sai an sunkuya masa. Ta ce duk ɗakin da ta shiga haka yake, kamar 'yan firamare aka gina wa otal ɗin.

Mai Labule ma ta ga madubai sun yi ƙasa tun ranar da ta zo. Ta ɗauka sabon yayi ne irin na masu hali. Ban da haka, tun rasuwar ba ta son haɗa ido da madubi, in ta shiga ɗaki baya take juya masa.

Manaja ya ce samfur aka bi sak, kuma Madam da kanta ta ga hotonsa ta ce ya yi. Madam ta ce ita ba ta taɓa amincewa da wannan shirmen ba. Ta ciro waya ta nemo hoton ta kara masa a fuska. A hoton komai daidai yake, madubi a tsakiyar ido, filafili can sama. Manaja ya kalli hoto, ya kalli bango, ya sake kallon hoto.

"Ko dai idon marigayi ne ya fara tafiya," in ji shi. "Kin san girma."

Zobe ɗaya ya kuɓuce wa Mai Labule ya gangara har gaban takalminsa. Sai a lokacin ya ɗaga kai ya ga wadda ke kan kujera. Ya haɗiye sauran maganar.

Madam ba ta fahimci komai ba. Ta ce a je samfur ɗin ta gani da idonta, a kira mata wanda ya kwafa. Ta juyo.

"Ke ma baiwar Allah, ɗauko labulensa ki taho. Ina so in ga ɗakin a kammale."

Ta so ta ce a'a. Amma sai ta sauko, ta rungumi labulen a ƙirji, ta bi su a baya.

*

Ƙamshin katako ne ya fara tarbarta. Irin ƙamshin da ke rigarsa in ya dawo gida, wanda ko an wanke ba ya fita. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta jingina da bango.

Dogo ya shigo yana sunkuyar da kai kamar yadda ya saba yi wa kowace ƙofa, garin katako har a gira. Yana ganin matar wansa a ɗakin ya kawar da ido.

Madam ta tambaye shi ko shi ya kwafa. Ya ce shi ne. Ta tambaye shi, duk tsawon nan nasa, bai taɓa lura cewa madubin ƙirjinsa kawai yake gani ba? Ya ce an ce ko ƙusa kada ta bambanta.

Ta ƙyale shi ta shiga duba ɗakin. A yi mata adalci, matar ta san aikinta. Ba ta yi gaggawa ba. Ta shafa saman katakon ajiye kaya, ta ji kaushi, har da inda fenti ya taru ya bushe. Ta sunkuya ta leƙa ƙasansa, ta shafa, ta ji sumul kamar gilashi. Ta ce abin mamaki, wa ke gyara ƙasan katako ya bar samansa? Ta duba ƙofar wadrof, daga tsakiya zuwa ƙasa aiki ne na gwani, daga tsakiya zuwa sama hannu ya canza.

Ta sake duban madubin.

Sai ta jawo kujerar da ke gaban tebur ta zauna a tsakiyar ɗakin.

Fuskarta ta fito cif a madubin.

Ta ɗaga waya daga inda take zaune, ta haɗa hoton da bangon. Suka zama abu ɗaya.

"A zaune aka ɗauki hoton nan," ta ce a hankali. "A zaune ma aka yi aikin. Manaja, kafintan naku gurgu ne?"

Ana jin ƙarar ruwa yana dukan gaɓa.

Manaja ya yi gyaran murya ya ce mata wannan da ke riƙe da labule ita ce matar marigayin.

Madam ta miƙe da sauri har kujerar ta yi baya. Ta fara ba da haƙuri, ta ce ba ta sani ba, Allah ya jiƙansa, Allah ya raya abin da ya bari. Mai Labule ba ta ce amin ba.

"Mijina da ƙafafunsa ya bar gida," ta ce. "Daga tsani ya faɗo yana kafa madubin nan."

Tana faɗa tana jin maganar a kunnenta kamar wani ne ya faɗa. Ta taka a hankali har gaban madubin da take gudu tun zuwanta. Ta miƙa hannu ta taɓa ƙusar da ke riƙe da shi. Ko kafaɗa ba ta ɗaga ba.

Madam ta kawar da kai. Ta ce wa Manaja su je su ga ɗakin cin abinci. Yana fita ya waiwayo ya ce wa Dogo a soma ɗaga madubai yau, kuma daga ɗakin nan za a fara.

Dogo ya juya zai bi su, wai zai ɗauko kayan aiki.

Mai Labule ta riga shi ƙofar. Ta rufe ta jingina da ita.

*

"Matar Yaya," ya ce yana ƙaƙalo murmushi, "in mutane suka ga kin kulle ni a ɗakin otal ai sai su ce gadon nawa ya fara aiki."

Da can in ya yi irin wannan tsokanar da ludayi take binsa. Yau kallonsa kawai ta yi har murmushin ya bushe.

"Zauna."

Ya zauna bakin gado.

"Ina tsanin?"

Ya ce tsani na sito. Ta ce ba wannan ta tambaya ba, kuma ya sani. Ta tuna masa tun yana saurayi ya zo gidansu da jaka ɗaya, ita ta riƙa zuba masa abinci, ita ta rage masa wandon wansa, ko da yake ƙari ya kamata a yi. Ta ce ba ta taɓa roƙonsa komai ba sai yau.

Ya dubi tafin hannunsa.

Sannan ya ce faɗuwar gaskiya ce, ba su ƙirƙira ba. Amma ba ranar rasuwar ba ce. Tun farkon aiki ne, suna gyaran silin ɗin ɗakin nan, ƙafar tsani ta zame, Yaya ya faɗo da baya a kan gefen tebur. Ya tashi yana dariya ya ce ba komai. Washegari ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa.

Ya ce sun kawo likita a ɓoye. Likita ya ce a kai shi babban asibiti, kada ya sake zama ma, kwanciya kawai. Yaya ya ce to, bari ya gama samfur. Don ya san in Manaja ya ji babban kafinta ya kwanta, kamfani za a ɗauko daga waje, su kuma su zo da mutanensu da telansu. Yaran da ke ƙarƙashinsa duk a sallame su, labulayen ma a karɓe daga hannunta.

Sai suka ce wa Manaja targaɗe ne. Dogo ya aro kujera mai taya daga ofis. Suka riƙa kulle ƙofa, wai Yaya ba ya son a ga samfur sai ya kammala. Abin da ke sama Dogo ya yi, abin da hannu zai kai daga zaune Yaya ya yi, kuma bai yarda kowa ya taɓa masa ba.

"Madubin fa?" ta ce. "Kai ba ka da ido?"

"Kin san yadda yake kafa madubi."

Ta sani. Bai taɓa sa tef ɗin awo ba. Tsayawa yake yi gaban bango, ya riƙe madubin, ya matsa da shi har sai ya ga ƙwayar idonsa a tsakiya, sannan ya zaro fensir daga bayan kunne ya yi alama. Haka ya kafa na ɗakinta tun tana amarya. Yakan ce bango ba ya ƙarya in ka tambaye shi da ido.

"Haka ya yi ranar," in ji Dogo. "Ya ga idonsa, ya yi alama. Ya manta a zaune yake. Ya juyo yana murna ya ce mini, ka gani, hannun bai mutu ba. To ni in ce masa me?"

Ya goge fuska da bakin riga, garin katako ya ƙara damewa a goshinsa.

Ya ce daga nan komai ya bi madubin. Maratayi, filafili, katako. Yaya da kansa ya ɗauki hoto ya tura, Madam ta ce ya yi. Ranar har waƙa ya yi. Bayan rasuwar kuma, da aka zo kwafa, yara suka ce Oga ai wannan ya yi ƙasa, a ɗaga. Shi ya hana.

"In na ɗaga sauran, nasa zai fito shi kaɗai kamar kuskure. Ban so a ce Yaya ya rufe aiki da kuskure. Na ce gara duk otal ɗin ya sauko inda yake."

Mai Labule ta zame ta zauna a kujerar da Madam ta tashi. Labulen na kan cinyarta har yanzu, ta ƙanƙame shi.

Kullum da safe yake kiranta. Ya tambayi yara, ya tambayi keke, ya ce kada ta yi wa shuɗin nan rowar ninki. Wani lokaci ya ce bari ya sauko daga tsani su yi magana da kyau, ta ji motsi, ta ji yana nishi, ta ce masa tsoho dai ya tsufa. Ya ce tsufa ai a gidanta ya same shi. Ashe juya shi ake yi a katifa.

Juya shi ake yi.

Ta ɗago.

"Wa ke juya shi?"

Dogo ya ce shi ne.

"Wa ke masa wanka? Wa ke wanke zanen gado? Wa ke ba shi abinci a baki in hannun ya gaji?"

Ya ce suna dai yi.

"Kai da ko kwanon da ka ci abinci ba ka iya wankewa. Mutumin da aka kawo mini farcensa a yanke yake, gemunsa a gyare. Na ɗauka masu wanka ne suka yi. Dogo, hannun mace ne. Wace ce?"

"Matar Yaya, wannan ba a bakina za ki ji ba."

Bai rufe baki ba aka ƙwanƙwasa.

*

Gimbiya ce da tiren abincin rana. An ce mata Mama da Baffa suna ɗakin samfur, ta ce bari ta kawo musu nan.

Ƙofar ɗakin tana da ciwo, ƙasanta na cije dakali. Manaja ma sai da ya sa kafaɗa ɗazu. Gimbiya da tire a hannu biyu ta sa ƙafa ta ɗan ɗaga ƙasan ƙofar, ta tura da ƙugu, ta buɗe ba ko ƙara. Ta shigo, ba ta ko duba ba, ta sunkuya ta ajiye tiren a kan katakon nan mai ƙasa.

Yarinyar da ta ce tana kicin aka zo aka gaya mata. Yarinyar da ta ce ba ta taɓa shiga ɗakin nan ba, Baba ba ya bari.

Ta miƙe ta ga yadda uwar ke kallonta. Ta kalli baffanta, ta ga idonsa ja. Hannunta ya tafi neman bango.

"Rufe ƙofar," in ji Mai Labule. "Tunda kin iya ta."

Ta rufe.

"A ina katifarsa take?"

Hawaye suka zubo wa Gimbiya. Ta nuna ƙasan taga, daidai inda labulen zai sauka.

"Ke kuma?"

Ta nuna bakin ƙofa.

Mai Labule ta gyaɗa kai kamar an gaya mata kuɗin zare. Ta ce tun rasuwar gado ɗaya suke kwana. In kuka ya taso mata yarinyar nan ce ke rungume ta ta ce Mama ki gode wa Allah bai sha wuya ba, faɗuwa ɗaya ce. Ta ce ita kuwa da wannan maganar take lallashin kanta, da ita take iya haɗiye abinci.

Gimbiya ta durƙusa ta kama ƙafarta. Ta ce Baba ne ya sa ta rantse. Ya ce Mama na da hawan jini, in ta ji za ta bar yara da ɗinki ta taho a gigice, ƙila a yi biyu. Ya ce ranar da ya miƙe da kansa zai gaya mata, su yi dariya. Ta ce kullum cewa yake gobe zai miƙe. Ta ce da ƙafafun suka fara kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya, ta roƙe shi, Baffa ma ya roƙe shi, ya ce saura fenti kawai.

Uwar ta zare ƙafarta a hankali.

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi ba su tsoro. Ta dubi ƙasan tagar ta daɗe. Da ta yi magana, ba da su take ba.

Ta ce tun suna ɗaki ɗaya, ruwan sama na zuba musu a kan gado suna tara kwano, take tare da mutumin nan. Zazzaɓi bai taɓa kama shi ba sai ta kwana a kansa. Ƙaya bai taɓa takawa ba sai ita ta cire. Amma da babbar ta zo, ya kwanta a nan yana kallon silin, ya zaɓi ƙaninsa, ya zaɓi 'yarsa, ita kuwa ya bar ta da keke tana ɗinka wa baƙi labule.

"Allah ya jiƙansa," ta ce. "Amma ya cuce ni. Duk zaman nan ban kai ya neme ni ba."

"Mama, kada ki ce haka."

"Ko sau ɗaya. Ko a ce zafin ciwo ya sa bakinsa ya kuskure ya kira ni."

"Mama, don Allah."

"Ashe ni mai ɗinki ce kawai a wurinsa."

Dogo ya ce a bar maganar haka, mamaci ba ya nan ya kare kansa, a yi masa addu'a. Ya ce shi shaida ne Yaya bai taɓa ambatar ta da komai ba sai alheri, amma gaskiya bai taɓa cewa a kira ta ba, don ya san halinta.

Gimbiya ta girgiza kai. Ta ci gaba da girgizawa kamar ba za ta daina ba.

"Baffa, ba ka nan. Ka tafi sayo fenti."

Dogo ya juyo ya dube ta.

"Ya neme ki, Mama."

Mai Labule ta ɗago ta dube ta.

Gimbiya ta ce ranar da zai rasu, da safe, ya tashi ba kamar kullum ba. Bai tambayi fenti ba. Ya ce Gimbiya, wasan ya ƙare, kira mamanki ki ce ta bar komai ta taho. Ya ce shi ba zai iya ba, in ta ji muryarsa za ta gane tun kafin ta hau mota.

Ta ce ta ɗauki wayar ta fita baranda. Ta kira. Mama ta ɗauka.

Mai Labule ta tuna kiran. Tana kan keke, allura ta karye, ranta a ɓace. Yarinyar ta yi sallama ta yi shiru. Ta ce mata ke lafiya, in gaisuwa ce na amsa, aiki ne a gabana. Yarinyar ta ce dama tambaya za ta yi ko su auta sun tafi makaranta. Ta ce sun tafi. Ta kashe.

"Na ji muryarki na kasa," in ji Gimbiya. "Na ce in na faɗa za ki ce tun yaushe. In na ce tun farko, ba za ki sake kallona ba. Na ce bari in jira Baffa ya dawo shi ya faɗa. Na ɗauka akwai lokaci."

"Kika koma ɗaki."

"Na koma."

"Ya tambaye ki."

Ta gyaɗa kai.

"Me kika ce masa?"

Gimbiya ta kifa goshi a ƙasa. Sai da uwar ta sake tambaya, muryar ta fito daga can ƙasa.

"Na ce kina hanya."

Dogo ya dafe kai da hannu biyu.

Ta ce yana ji fuskarsa ta washe. Ya ce ta taimaka masa ya hau kujera, ba ya so a same shi a kwance. Ya sa ta canza masa riga, ta tura shi gaban madubi ya taje gemu da kansa. Ya ce mamanki za ta yi faɗa, ki bar ni da ita, na san inda nake kama ta. Sannan ya ce ta juya kujerar ta fuskanci ƙofa.

Mai Labule ta dubi ƙofar. Daga inda take zaune, daidai take kallonta.

"Daga nan fa?"

"Bai ƙara cewa komai ba sai abu ɗaya."

"Faɗi."

"Ya ce in buɗe ƙofar in sa mata dutse. Wai tana cijewa, kada ki zo ki sha wuyar turawa."